Darasi na 17: Waldar bututu da jarrabawarta

Masu walda suna da yawa a Damagaram. In ka ratsa unguwar Zango ko gefen kasuwar Dole, za ka gan su a bakin titi. Suna ƙera ƙofa da taga, da gadon ƙarfe, da amalanke, da kurar ƴan garuwa. Galibinsu wajen maigida suka koya tun suna yara, kuma hannunsu ya faɗa. Amma akwai wata walda da ba a ba kowa ita, ko da ya shekara 20 yana sana'a. Ita ce waldar bututu, wanda mu nan muke ce wa tiyo. Ba a barin mutum ya taɓa bututun mai sai ya yi jarrabawa ya ci. Yau za mu karanta yadda ake wannan walda, da abin da ake dubawa ranar jarrabawa.

Me ya kawo maganar garinmu?

A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ, wajen kilomita 50 arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut. Ɗanyen man da take tacewa daga Agadem yake zuwa, cikin jihar Difa. Ba a mota ake kawo shi ba. Yana biyo bututu ne mai tsawon kilomita 462. A 2019 kuma aka soma shimfiɗa wani bututun, daga Agadem har bakin teku a Seme, ƙasar Benin. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000, kuma ya ratsa jiharmu. A 2024 aka fara loda man a jirgin ruwa.

To, bari mu yi ɗan lissafi. Bututu guntu-guntu yake zuwa, kowane guntu wajen mita 12. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce. Ke nan a kowace kilomita akwai mahaɗa fiye da 80. Kowace mahaɗa sai an yi mata walda. In ɗaya tak ta yoye, mai zai malala a gona ko kusa da rijiya, wuta kuma tana iya tashi. Shi ya sa ake tsanantawa.

Ba mai kaɗai ba ne. Ruwan da muke sha ma a bututu yake zuwa, daga rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza. Kowa ya san wahalar ruwa a garin nan. Ɗigon da ya zube a hanya, asararmu ce duka.

Ƙofa daban, bututu daban

Mai waldar ƙofa yana aiki inda idonsa yake gani. In gefe ɗaya ya ƙi, sai ya juya ƙofar ya gyara ta baya. In ta yi muni, sai ya gurje ya shafa fenti. Bututu ba haka yake ba. Ba ka iya shiga cikinsa. Daga waje kake tsaye, amma dole waldarka ta ratsa har ciki, ta narkar da ƙarfen biyu su zama ɗaya. Abin da ke cikin bututu kuma yana turowa da ƙarfi dare da rana. Ramin da bai fi bakin allura ba ya isa ya ɓata aiki. Saboda haka kyan waje ba ya fid da mai waldar bututu. Ciki ake dubawa.

Karanta sandarka

Sandar walda, wadda masu sana'a ke kira bageti, tana da rubutu a gindinta. Da yawa ba su kula da shi, alhali shi ne sunanta. Ga uku da ya kamata ku gane:

E6013 ita ce ta yau da kullum, ta ƙofa da taga. Tana da sauƙin kamawa, amma ba ta shiga ƙarfe da zurfi.

E6010 tana huda ƙarfe da zurfi. Da ita ake yawan yin layin farko a bututu. Tana son injin da ke ba da kuran mai tafiya hanya ɗaya, wanda ake rubuta wa DC.

E7018 ta fi su ƙarfi, amma ba ta son laima ko kaɗan. In ta sha raɓa ko iskar damina, waldarta sai ta yi ramuka ko ta tsage. A manyan wuraren aiki, cikin akwati mai zafi ake ajiye ta.

Lambobin suna da ma'ana. Biyu na farko, wato 60 ko 70, suna nuna ƙarfin waldar. Na uku, in 1 ne, yana nufin sandar tana aiki ta kowace fuska: kwance, tsaye, har sama da kai. Kaurin sanda kuma da milimita ake auna shi: 2.5 ko 3.2 ko 4. A jikin kwali an rubuta yawan wutar da kowace take so. Wanda ya iya karatu ba ya buƙatar cinta.

Shirya bakin bututu

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, masu walda kuma sun ce rabin aiki a shiri yake. Kafin a kunna inji, ana gurza bakin kowane guntu da injin gurza, a karkace shi wajen digiri 30 ko sama da haka kaɗan. In aka kara guntu biyu, sai tsakaninsu ya yi kwari kamar harafin V. Wannan harafi babu shi a baƙaƙen Hausa, amma kuna ganinsa a rubutun Faransanci. Ba a barin bakin ya yi kaifi kamar wuƙa. Ana daddashe shi kaɗan, kamar milimita 1 da rabi zuwa 2. A goge tsatsa da fenti da maiƙo, ciki da waje, har ƙarfe ya yi fari.

Sai a bar ɗan rata tsakanin guntayen, milimita 2 zuwa 3. Masu aiki sukan lanƙwasa waya su sa a tsakani don ratar ta zama daidai ko'ina. Daga nan a ɗiga walda wuri huɗu don ta riƙe su. In baki ɗaya ya fi ɗaya tudu, a gyara tun yanzu. Bayan an soma, babu gyara.

Walda hawa-hawa

Ba a cika kwarin da layi ɗaya. Hawa-hawa ake yi, kamar ginin tubali.

Layin farko shi ne saiwa. Shi ne mafi wuya, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Ka kusantar da sanda cikin ratar. In wutarka daidai take, wani ɗan rami zai buɗe gaban sandar, kamar ramin makulli. Wannan rami shi ne shaidar cewa walda tana ratsawa ciki. Ka riƙa binsa da ido. In ya rufe, wuta ta yi kaɗan ko ka cika sauri. In ya yi faɗi, wuta ta yi yawa, ƙarfe zai zube ciki. Kunne ma yana aiki: in saiwa tana ratsawa, za ka ji ƙarar wutar tana fitowa daga cikin bututu.

Layi na biyu ana yin sa da wuta mai ɗan yawa, ba tare da jinkiri ba. Yana ƙone dattin da ya maƙale a gefen saiwa.

Sai ciko. Nan ake cika kwarin, layi ɗaya ko fiye, gwargwadon kaurin bututu. Ka ɗan dakata a kowane gefe, ka wuce tsakiya da sauri.

Na ƙarshe shi ne rufi. Ya ɗan fi bututu tudu kaɗan, ya rufe gefe da gefe sumul.

Tsakanin kowane layi da na gaba, a kankare ɓawon da ya daskare a sama, a goge da burushin ƙarfe. Wanda ya yi ƙyuya ya rufe ɓawo da sabuwar walda, ya binne wa kansa abin da zai tone masa asiri.

Bututu kamar agogo

Ku ɗauki bakin bututu kamar fuskar agogo. Sama ƙarfe 12 ne, ƙasa ƙarfe 6, gefe da gefe 3 da 9. In bututu yana kwance ba a juya shi, a ƙarfe 6 walda tana bisa kanka, narkakken ƙarfe yana son ɗigowa. A ƙarfe 3 tsaye take. A ƙarfe 12 kwance take. Ke nan a zagaye ɗaya, hannu yana canza tsayuwa koyaushe. Wani aikin daga ƙasa zuwa sama ake yin sa, wani daga sama zuwa ƙasa. Ba kai ke zaɓa ba, takarda ce ke faɗa.

An ba kowane zaman bututu lamba. 1G: yana kwance, ana mirgina shi. 2G: yana tsaye kamar turmi. 5G: yana kwance, an ɗaure shi. 6G: an jingine shi digiri 45, an ɗaure. Wannan na ƙarshe ya fi duka wuya, don ya haɗa wahalar sauran. Wanda ya ci 6G, galibi an yarda masa da sauran. A takardun Faransanci wasu haruffa ake sa wa, kamar PA da PC da H-L045.

Mai koyo kada ya fara da bututu. Ya fara da falankin ƙarfe: kwance, tsaye, sama da kai. In hannu ya zauna, sai ya koma bututu, daga 1G ya hau. Bayan kowane gwaji, ya haska tocila ciki ya duba saiwarsa. Kafin ya kunna wuta kuma, ya gwada zagaya hannunsa da sanda a bushe, ya ga inda zai jingina. Lokacin hunturu a kare wurin da kwano, don iska tana sa ramuka.

Ranar jarrabawa

Za a ba ka guntun bututu biyu da takarda. A takardar an rubuta irin sanda, da yawan wuta, da faɗin rata, da inda za ka fara. Mai duba aiki zai tsaya kusa. Zai sa alama a saman bututu, don kada a juya shi. In takarda ta ce E7018 ka ɗauki wata, ka faɗi, ko da waldarka ta yi kyau. Kada kuma ka ƙyasta sanda a jikin bututu, wajen kwarin. Tabon da take bari laifi ne.

In ka gama, ga yadda ake dubawa. Da farko da ido: ko akwai tsaga, ko ramuka, ko gefe ya zaizaye, ko saiwa ba ta fito ciki ba. Daga nan ko dai a ɗauki hoton cikin ƙarfen, irin wanda likita ke ɗauka in ƙashi ya karye, ko kuma a yanko siraran falle daga waldar a lanƙwasa su da inji har su yi kamar harafin U. In wuri ya buɗe fiye da milimita 3, ba ka ci ba.

Takardar da ake bayarwa ba ta har abada ba ce. A bisa ƙa'idar da aka fi bi, in mutum ya yi wata 6 bai yi irin wannan walda ba, sai ya sake gwaji. Sabon kamfani ma yakan gwada mutum da kansa kafin ya ɗauke shi.

Kare lafiyarka

Tabarau na rana ba ya kare ido daga hasken walda. A sa garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10 zuwa 12. Wanda haske ya ƙona wa ido, cikin dare zai ji kamar an zuba masa yashi. Kada a ɗiga masa komai, a kai shi likita. A sa safar fata da tufafin auduga, don na roba suna narkewa su manne a jiki. Farin tiyo mai rufin zinki yana fid da hayaƙi mai sa zazzaɓi, sai a yi aikinsa a fili. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko babu komai a ciki, yana iya fashewa. Ba aikin mai koyo ba ne.

Ina za a koya?

Akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM a kananan hukumomi, akwai kuma CFPT. Gwamnati tana da asusun FAFPA mai tallafa wa horon masu sana'a. Takardar CAP tana buɗe ƙofa, amma ba ta maye gurbin gwajin bututu. Maigida mai yara a shago, ka bar su su zo ajin yaƙi da jahilci. Uwa mai ɗa a wajen walda, ki tambaye shi lambar da ke jikin sandarsa. Hannu suna da shi. Abin da ya rage su iya karanta takardar da za a miƙa musu.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe matatar SORAZ?
2. Me ya sa waldar bututu ta fi ta ƙofa wuya?
3. Wace sanda ce ba ta son laima?
4. Faɗi sunayen hawan walda da kuka karanta.
5. In guntun bututu mita 12 ne, guntu nawa za a jera a mita 600?

Aikin gida

Ku je wajen mai walda na unguwarku, ku roƙi guntun sanda. Ku rubuta lambarta a littafinku, ku kawo aji gobe.