Amsoshin Tambayoyinku: Tunda Waya Na Karantawa, Ina Amfanin Rubutun Makafi?

TAMBAYA: Ɗana mai shekara bakwai ba ya gani tun haihuwa. 'Yan'uwa sun ce kada in wahalar da shi da rubutun makafi, tunda yanzu waya na karanta wa mutum komai. Gaskiya ne? Kuma ko ya yi karatun, wa zai ɗauke shi aiki? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Hajiya, Allah Ya raya mana shi, Ya yi masa albarka. 'Yan'uwanki tausayi ne ya sa suka faɗi haka, amma ban goyi bayansu ba. Ki sa shi ya koyi rubutun, kuma tun yanzu.

Ba na raina waya. TalkBack da ke cikin wayoyin Android da manhajar NVDA ta kwamfuta, wadda kyauta ce, sun sauƙaƙa wa makafi rayuwa ƙwarai. Sai dai saurare daban, karatu daban. Yaron da kunne kaɗai ya dogara da shi zai ji kalma, amma ba zai san haruffan da suka haɗa ta ba, ko inda ake sa waƙafi da aya, balle yadda ake jera lissafi. Ran da aka ce ya rubuta takardar neman aiki, nan giɓin zai fito.

Akwai binciken da ya taɓa wannan batu. A 1996 Ruby Ryles ta wallafa nazarin da ta yi a jihar Washington ta Amurka kan manya 74 da suka taso da lalurar gani tun haihuwa. Cikin waɗanda suka fara karatu da rubutun makafi, kashi 44 cikin ɗari ne ba su da aiki. Cikin waɗanda aka koya wa rubutun masu gani suna lalube da ɗan ganin da ya rage musu, kashi 77. Mutanen ba su da yawa, ƙasar ma ba tamu ba ce, amma tazarar ta isa a tsaya a duba.

Rubutun kansa bai kai wuyar da ake zato ba. Louis Braille, Bafaranshen da ya ƙirƙiro shi a 1824, yana ɗan shekara 15 ne a lokacin. Ɗigo shida ne kacal, uku a hagu uku a dama, ana sarrafa su su ba da alamomi 63. Yaro zai maƙala takarda mai kauri a cikin ɗan allo mai ramuka, ya riƙa dannawa da tsinken ƙarfe daga dama zuwa hagu, sa'annan ya juya takardar ya bi tudun ɗigon da yatsa daga hagu zuwa dama. Ana rubuta Hausa da shi, har da ɓ da ɗ da ƙ, akwai kuma Alƙur'ani mai girma da aka buga da shi. Yatsun yaro sun fi na babba saurin sabawa, shi ya sa nake ƙin jinkiri.

Wurin koyo yana kusa da ke: Makarantar Masu Buƙata ta Musamman da ke Tudun Maliki. Abin ba baƙo ba ne a Arewa, domin makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato tun 1953 take. In ya kai munzalin shiga jami'a, hukumar JAMB tana shirya wa makafi jarrabawarsu ta musamman.

Batun aiki kuwa, ba zan ɓoye miki ba, da wuya. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, an kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, abin yana ci mini rai. Duk da haka, mai takardar shaida a hannu shi ke iya tsayawa ya nemi wannan haƙƙi.

Ki je Tudun Maliki ki gana da malamai, ki nemi allon da tsinken. Ke ma ki koyi haruffan tare da shi, don ki riƙa duba aikinsa a gida. Allah Ya dafa miki.