Maigida Ya Yi Ritaya, Ina Za A Zauna?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi ranar da maigida zai ajiye aiki. A ƙa'ida, yawancin ma'aikatan gwamnati suna ritaya ne idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 suna aiki. Daga nan sai ki ji ya ce, "Hajiya, a fara haɗa kaya, gida za mu koma." Gidan kuwa ko Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ko wani ƙauye a kewayensu.

Son gida ba laifi ba ne. Amma fa kuɗin sallama sau ɗaya ake biya. Idan aka zuba su a gini inda zama bai yiwu ba, an yi biyu babu. Ke ce kuma za ki wuni a gidan, don haka kina da ta cewa. Ki zauna da shi cikin ladabi ku duba abubuwa huɗu.

Na farko, tsaro. Garin da ya bari yana saurayi ba shi ne na yau ba. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yankin nan, kuma hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya sun sha fama da masu tare hanya. Mai fansho kuwa kallon mai kuɗi ake yi masa. Fili a tsakiyar gari, ko ƙarami ne, ya fi makeken fili a bayan gari.

Na biyu, asibiti. Tsufa kan zo da hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙafa. Garuruwan uku duk suna da babban asibiti, amma idan ciwo ya yi tsanani Gusau ake turawa, kuma Ƙaura ta fi kusa da ita. Ki tambayi kanki: in ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare, wa zai kai mu, ta wace hanya?

Na uku, abin yi. Fansho kan yi jinkiri, tukunya kuwa ba ta jira. A Ƙaura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, ɗalibai na neman ɗakin haya da abinci. Shinkafi na da babbar kasuwa ranar Alhamis, wadda fatake ke ci har daga Nijar. To amma ki tuna 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya a Zamfara. Wadda ta dogara da kasuwa kaɗai ta ji a jikinta. Ki riƙe sana'a biyu, misali kiwo a cikin gida da ɗinki ko ƙuli-ƙuli.

Na huɗu, ruwa da maƙwabta. Akwai rijiya ko fanfo kusa? Unguwar tana cin ruwa da damina? Su wa za ku haɗa katanga da su? Akwai Islamiyya da makarantar da auta zai ƙarasa karatu? Zama cikin dangi akwai daɗi, akwai kuma nauyi. Ku yi lissafin bakin da za a ciyar tun kafin a sauke kaya.

Shawarata ita ce, kada ku sayar da inda kuke zaune tukuna. Ku kama haya a garin da kuke so, ku yi damina ɗaya da rani ɗaya a can. Gani ya kori ji. Idan za a sayi fili, a sa shaidu da mai unguwa, a karɓi takarda, ke ma ki san inda aka ajiye ta, domin rai na Allah ne.

Ku yi shawara da manyan 'ya'ya, ku yi istihara, sannan ku yanke. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Amin.