Golf ko Jif: Gargaɗi Ga Mai Shirin Sayen Mota a Gidan Waya

Duk watan Disamba, idan 'yan Abuja da Kaduna suka dawo gida don Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro, hanyar Kafanchan kan cika da jif-jif masu sheƙi. Kafin Janairu ya ƙare sai ka ga malamin kwaleji ko ma'aikacin asibiti ya raina Golf ɗinsa, ya fara zaryar wajen dillalai. Da shi nake. Masu jif ɗin nan sun koma inda suka fito, kai ne za ka zauna da abin da ka saya.

Kada ka fara da tambayar wace mota ce ta fi kyau. Ka fara da hanyar da kake bi daga Litinin zuwa Juma'a. In zirga-zirgarka daga Gidan Waya ce zuwa Kwalejin Ilimi, zuwa kasuwar Kafanchan, sai Jos sau ɗaya a wata, to kwalta kake takawa, kuma ƙaramar mota mai ƙofar baya irin su Golf ko Vibe ko Matrix ta ishe ka har da saura. In kuwa gonarka tana can cikin ƙauyukan bayan Godogodo, inda ruwan Agusta ke mai da burji kwata, wannan wata magana ce. Amma zuwa ƙauye sau biyu a shekara ba hujjar sayen jif ba ne. Ranar da buƙatar ta taso ka ɗauki shata.

Ka je da tef ɗin awo, kada ka ji kunya. Golf 3 tsawonta mita 4 ne da 'yan santimita, Golf 4 mita 4.15, Matrix ta farko mita 4.35. RAV4 ta Amurka ƙirar 2006 zuwa 2012 mita 4.6 ce, Highlander ta farko ta kusa mita 4.7. Ka ga ke nan tsakanin Matrix da RAV4 bambancin bai kai tsawon rular ɗan firamare ba. Abin da ke cika ido a jif tsayinta ne daga ƙasa, ba faɗin cikinta ba. Ka auna ƙofar gidanka da rumfar da za ka ajiye ta tukuna.

Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Nan ne jif take da gaskiya, kuma ba zan tauye mata haƙƙi ba. Tsakanin cikin RAV4 da ƙasa akwai kimanin santimita 19, Matrix kuwa 15, Golf ba ta ma kai haka ba. Santimita huɗu ba komai ba ne a takarda, amma su ne ke raba motar da ta haye kwazazzabo lafiya da wadda ta bar salansarta a baya. Golf 4 musamman, kaskon baƙin manta na alminiyon ne, ga shi ƙasa-ƙasa; dutse ɗaya ko tudun rage gudu da aka gina da mugunta ya isa ya fasa shi, man ya tsiyaye, injin ya buga. In ka zaɓi Golf, ka sa a ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙasa kafin ka fara yawo da ita.

Tunda kana durƙushe, ka duba ko akwai farfelar da ke kai ƙarfi tayoyin baya. Kada ka ɗauka kowace jif ce ke ja da ƙafa huɗu. RAV4 da CR-V da Highlander da Lexus RX masu yawa da aka shigo da su daga Amurka da tayoyin gaba kawai suke ja, daidai da Golf. Wasu kuma an cire musu farfelar a nan gida da ta lalace, an bar tambarin a baya yana ruɗin mutane. Dillali zai ce maka, "Alhaji, wannan ko kogi ka shiga da ita." Kada ka biya kuɗin ƙafa huɗu ka tafi da biyu.

Kada ka gwada kujerar direba kawai. Ai kowace mota daɗi gare ta a bayan sitiyari. Ka daidaita kujerar gaba yadda kake tuƙi, sa'an nan ka fita ka koma baya ka zauna. In gwiwarka ta tokari kujera, to haka matarka za ta yi tafiyar Kaduna. Ka zauna a tsakiya ma, wurin da kullum ake tura yaro ko wanda ba shi da baki, ka ji tudun da ke ƙarƙashin ƙafa, ka lalubo bel ɗinsa. Ka tafi da wanda ya fi kowa jiki a gidanku. In akwai tsoho ko tsohuwa da kake kai wa asibiti a Kafanchan, ka tafi da su su gwada shiga da fita: RAV4 da CR-V kujerarsu daidai ƙugu take, ana zamewa ne a shiga, amma ƙaramar mota sai an sunkuya, babbar jif kuma sai an yi hawa. Mai ciwon gwiwa shi zai gaya maka gaskiya, ba dillali ba.

Kada ka bari a ruɗe ka da "kujera bakwai". Layin ƙarshe da aka fara sa wa Highlander a 2004, da wanda ke cikin wasu RAV4, na yara ne. Babban mutum in ya shiga, gwiwarsa a ƙirjinsa za ta kwana. Da an ɗaga layin kuma but ya tafi, ko jakar tafiya biyu da ƙyar. Mai iyali bakwai Sharan ko Sienna yake nema, ya daina yaudarar kansa.

Ka karanta takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. A motocin Amurka an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. Za ka sha mamaki: Vibe da RAV4 mai kujera biyar duk ba su kai kilo 400 ba. Manya biyar masu kilo 70 sun riga sun cinye 350. Ina wurin buhun masara? Kada ka ce don direbobin tasha suna danna wa Golf 3 mutum biyu a gaba, huɗu a baya, buhunan citta a but har ƙofa ba ta rufuwa, kai ma haka za ka yi. Su sun san sau nawa suke canza shokozoba, kuma fasinja ne ke biya. Wajen lodi dai, Matrix da Vibe na farko sun yi abin a yaba: kujerun baya suna kwantawa shafe, ta gefen direba ma tana ninkewa, daɓen but ɗin na roba ne, ko doya ka zuba ruwa kawai za ka watsa.

Ka tambayi fulogi nawa ne kafin ka tambayi launi. Matrix da Vibe na farko injin lita 1.8 gare su, fulogi huɗu. Highlander akwai mai lita 2.4 fulogi huɗu, akwai mai lita 3.0 ko 3.3 fulogi shida, ga jiki da ya haura tan ɗaya da rabi. Tankin Golf lita 55 ne, na Highlander ya wuce 70. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ka ɗauki biro, ka ninka lita 70 da farashin yau, ka ajiye kusa da albashinka. In sai ranar Lahadi ko Juma'a kaɗai za ka iya fito da motar, sauran kwanaki kana bayan ɗan acaba, to kayan ado ka saya.

Kada ka sayi mai fulogi shida na lita 3.0 ko 3.3 ba ka san yaushe aka canza bel ɗin taimin ba. Kada ka sayi RAV4 mai lita 2.4 ta wajajen 2006 zuwa 2008 ba ka zaro sandar awon mai ka duba ba, don an san injin da shan baƙin mai.

Ka tambayi farashin taya huɗu kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Tayar jif inci 16 ce ko 17, ta Golf 14 ko 15, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka duba lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Jif a kan tsofaffin tayoyin gwanjo, ita ce motar da na fi tsoro a hanyar Gwantu.

Ka nemi shawarar makanikenka na Kafanchan, ka tambaye shi abin da yake iya gyarawa da kayan da ake samu a gari. Kayan Golf da na Toyota ba sa wuya. Motar da sai an aika Panteka ko Legas kafin a samo mata ƙaramin abu, kada ka kawo ta Gidan Waya, ko da kyauta ce.

Ka gwada lambar shasi da takardun kwastam, harafi da harafi, duka 17. A motocin Amurka na goma shi ke nuna shekarar ƙira. Ka ɗaga kafet ka shinshina, motar da ta sha ambaliya ba ta ɓoye warinta.

Kada ka tuƙa jif kamar Golf. Nauyinta a sama yake, kwanar da ƙaramar mota za ta sha lafiya ita tana iya kifewa, kuma sai daga ƙirar 2012 ne dokar Amurka ta wajabta wa kowace mota na'urar da ke hana ta zamewa a kwana. Wadda ta girmi haka, ka bincika ko tana da ita. In kana gangarowa Hawan Kibo daga Jos, kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa. Birki yana zafi ya daina kamawa, kuma mota mai nauyi ta fi saurin kai shi ga haka. Ka sauke giya zuwa 2 ko L tun kafin gangaren ya fara, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da tirelar da ke gabanka.