Faifai Lafiya Lau, Amma Saba Ta Ƙi Tashi

Kudancin kogin Kaduna ya daɗe da sanin injina. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, a nan Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai kuma ta biyo baya a 1980. Yau wani irin inji ne ya bazu daga Barnawa har Sabon Tasha, wato saba (server) da rumbun adana bayanai, akwatin ƙarfen nan mai ɗaukar faifai 12 ko 24, wanda asibitoci da makarantu da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta suke dogaro da shi.

Koken masu kula da waɗannan injina kusan iri ɗaya ne. An ɗauke wuta, batir ya ƙare kafin janareta ya kama, da aka sake kunna saba sai ta cije, ko ta tashi amma bayanan sun yi ɓatan dabo. Sau da yawa babu faifan da ya lalace. Sunayensu ne suka sauya.

Manhajar Linux tana raɗa wa faifai suna ne bisa wanda ya riga amsawa lokacin tashi. Na farko ya zama sda, na biyu sdb, na uku sdc. Kamar layin motoci ne a tashar mota ta unguwar Television: motar da take kan layi yau, gobe tana iya zama ta uku, amma lambarta tana nan yadda take. Idan saba ta riga rumbu tashi, ko an manta filas a jikinta, wanda yake sdb jiya yana iya wayar gari da wani suna, kamar sdc. Duk wanda ya rubuta sdb a fayil ɗin fstab, wato jerin faifan da saba take ɗorawa lokacin tashi, ko a umarnin kwafe bayanai na dare, ya shiga uku, domin umarnin zai iya zuba bayanai a kan faifan da ba shi ake nufi ba.

A manyan rumbuna abin ya fi haka sarƙaƙiya, don abin da saba take gani ba faifai ne na zahiri ba. Rumbun yana haɗa faifai da yawa su zama rukuni ɗaya ta tsarin RAID, wanda Patterson da Gibson da Katz na jami'ar Berkeley suka bayyana a 1988. Daga wannan rukuni yake yanko kaso ya miƙa wa saba, kowane kaso da lambarsa, shi ne LUN. Lambar LUN ma ba abin riƙewa ba ce, saboda rumbuna biyu kowanne yana iya samun nasa LUN 0. Ƙari a kan haka, idan saba tana da katin haɗi biyu, rumbun kuma yana da ƙwaƙwalwa biyu, kaso ɗaya tak zai iya bayyana da sunaye huɗu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka faifai huɗu ya samu, ya goge ɗaya da niyyar amfani da shi, alhali bayanan ofis ɗin ne gaba ɗaya.

Shaidar da ba ta sauyawa iri biyu ce. Akwai WWN, doguwar lamba da na'urar kanta take ɗauke da ita, ana ganinta a /dev/disk/by-id. Akwai kuma UUID, wadda ake rubutawa a cikin faifan ranar da aka tsara shi, umarnin blkid yana nuna ta. Da UUID ya kamata a cika fstab. Sai dai a kiyaye: idan aka kwafi kaso sukutum, UUID ɗinsa tana bin kwafin, don haka kada a haɗa asali da kwafi a saba ɗaya sai an sauya wa ɗaya lamba. Inda hanyoyi suka fi ɗaya, a kunna manhajar multipath mai haɗe hanyoyin, a yi aiki da sunan da ya bayar kaɗai.

Haɗari na biyu yana gaban akwatin ne, ranar da faifai ya mutu da gaske. Kamfanoni ba su yarda da ƙirga iri ɗaya ba. Dell daga 0 yake fara lambar gurabe, HPE kuma daga 1. Injiniyan da ya saba da ɗaya, idan aka ce ya zare na 3, yana iya zare maƙwabcinsa. RAID 5 rashin faifai ɗaya kawai yake jurewa, saboda haka zare lafiyayye bayan ɗaya ya riga ya mutu yana durƙusar da rukunin duka. RAID 6 yana jure biyu, kuma shi ya fi dacewa da manyan faifai, waɗanda sake gina su ke cin sa'o'i masu yawa a garin da wuta ba ta da tabbas. Kafin a taɓa komai, a kunna fitilar nuni ta gurbin daga manhajar rumbun, sannan a gwada lambar da ke jikin faifan da wadda allo ya nuna.

Shimfiɗar faifai ma tana da ƙa'ida. A RAID 10, inda kowane faifai yake da tagwai, a raba tagwayen a akwatuna daban idan da hali, don kada mutuwar akwati ɗaya ta tafi da duka biyun. A bar aƙalla faifai ɗaya a jiran ko-ta-kwana. Kaso da ya wuce terabait 2 yana buƙatar tsarin GPT, tsohon MBR ba ya kai wa nan. Rumbunan da aka sayo na hannu kuwa, a share tsohon tsarin RAID da ke jikin faifansu tun kafin a ɗora musu aiki.

Sauran aikin na biro da takarda ne. A zana jadawali mai nuna akwati, gurbi, lambar jikin faifai, rukunin RAID, LUN, WWN da sabar da take amfani da shi, a manna kwafi a ƙofar kabad ɗin, a gyara shi duk ranar da aka sauya faifai. A rubuta jerin kunnawa kusa da shi: suwic mai haɗa na'urorin da farko, sai rumbu, saba a ƙarshe. Daga nan a zaɓi wata Asabar da babu aiki, bayan an tabbatar da kwafin ajiya, a kashe komai a sake kunnawa, a ga ko kowane kaso ya koma mazauninsa.