Ɗaukar Hoton 'Yan Sanda a Bainar Jama'a: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

A zamanin nan da wuya a sami kasuwa ko tashar mota inda babu masu wayar hannu, galibin wayoyin nan kuwa suna ɗaukar hoto, har da mai motsi da murya, wanda a ke kira bidiyo. Saboda haka wata irin ƙara ta kan zo zauren hakimi wadda a da ba a san ta ba. Saurayi yana tsaye bakin hanya, ya ga 'yan sanda sun tsai da mota ko sun kama wani, sai ya ɗaga waya ya ɗauka. Nan take a ƙwace wayar, ko a tilasta masa ya goge abin da ya ɗauka, wani lokaci ma a wuce da shi caji ofis. Kafin magariba ubansa ya faɗi gaban hakimi yana neman agaji.

Tun da aka haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan Nijeriya a zamanin mulkin Janar Gowon, hakimi ba shi da ikon ba ɗan sanda umurni. Amma har yanzu wurinsa talakawa su ke fara kai kuka, kuma maganarsa tana da nauyi wurin Difi'o. Ya wajaba ke nan shi da malaminsa su san abin da doka ta yarda da shi cikin wannan al'amari, su kuma san iyakarsa.

Tushen Maganar

Sashe na 39 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayinsa, da 'yancin samun labari da isar da shi ga wasu ba tare da an tsare shi ba. Sashen bai ambaci kyamara ko waya da suna ba, amma ɗaukar hoto hanya ce ta tattara labari, kamar yadda rubutu da alƙalami ya ke. Abin da ya auku a kan titi ko a tsakar kasuwa, wanda idon kowa ya gani, ba asiri ba ne. Ɗan sanda kuwa, sa'ad da ya ke bakin aiki, ma'aikacin jama'a ne, da kuɗinsu a ke biyansa, kuma ikon da ke hannunsa na kamu da tsarewa amana ce. Wanda ya riƙe amanar mutane ba shi da hujjar hana su duban yadda ya ke riƙonta.

Sashe na 37 kuma ya tsare sirrin mutane, da na gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na waya. Wayar hannu ta zama akwatin wasiƙun mai ita, don haka buɗe ta ba wasa ba ne. Ran 4 ga Oktoba, 2020, Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya gargaɗi 'yan sanda su daina binciken wayoyin mutane a kan hanya ba bisa ƙa'ida ba.

Wata Shari'a da Aka Yi a Amurka

Masu nazarin doka su kan kawo misali da wata shari'a ta ƙasar Amurka, domin a cikinta aka baje wannan magana filla-filla. Hukuncin kotun wata ƙasa ba ya ɗaure alƙalan Nijeriya, amma hujjojin da aka kafa a ciki abin lura ne.

Ran 1 ga Oktoba, 2007, wani lauya mai suna Simon Glik yana wucewa ta wani babban dandali a birnin Boston, sai ya ga 'yan sanda uku suna kama wani saurayi. Da ya ga kamar ƙarfin da su ke sawa ya yi yawa, sai ya tsaya nesa da su kamar ƙafa goma, ya fito da wayarsa a fili, ya shiga ɗauka. Bai taɓa kowa ba, bai tare hanya ba. Da suka gama, ɗayansu ya tambaye shi ko wayar tana ɗaukar murya. Ya ce i. Sai suka sa masa ankwa, suka karɓe wayar, aka tuhume shi da laifi uku: ɗaukar murya a ɓoye, da ta da hankalin jama'a, da taimakon ɗaurarre ya tsere.

Ba ko ɗaya daga cikin tuhumar nan da ta tsaya. Masu gabatar da ƙara suka janye ta ukun, kotun birni ta kori sauran biyun a 2008. Daga nan Glik ya kai ƙarar 'yan sandan da hukumar birnin. Ran 26 ga Agusta, 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Boston ta yanke cewa tsarin mulkin ƙasar ya tsare ikon mutum na ɗaukar hoton ma'aikatan gwamnati, har da 'yan sanda, in suna aikinsu a bainar jama'a. Ta kafa hujja uku. Ta fari, tattara labarin ma'aikata yana taimakon jama'a su gane inda a ke zalunci. Ta biyu, wannan iko bai tsaya ga 'yan jarida kaɗai ba, gama yanzu duk mai waya yana iya zama wanda ya fara kawo labari. Ta uku, wanda ya ɗaga waya kowa yana gani ba a ce ya yi abu a ɓoye ba. Amma kotun ta ƙara da cewa ana iya sa wa ikon nan iyaka mai ma'ana game da lokaci da wuri da yadda a ke yinsa. A 2012 hukumar birnin ta biya Glik dala 170,000 aka kashe maganar.

Amfanin Hoto da Haɗarinsa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ran 25 ga Mayu, 2020, wani mutum mai suna George Floyd ya mutu a hannun 'yan sanda a birnin Minneapolis na Amurka. Sanarwar farko da 'yan sanda suka fitar ta nuna kamar rashin lafiya ce ta kama shi. Amma wata yarinya 'yar shekara 17 ta tsaya a gefen titi ta ɗauki abin da ya faru, duniya ta ga ɗan sanda ya danne wuyansa da gwiwa fiye da minti tara. A Afrilu, 2021, kotu ta sami ɗan sandan nan, Derek Chauvin, da laifin kisa, daga baya aka ɗaure shi shekara 22 da rabi.

A wannan shekara ta 2020, farkon watan Oktoba, wani bidiyo da aka ɗauka a Ughelli ta Jihar Delta ya bazu ko'ina cikin Nijeriya, ana cewa 'yan sandan SARS ne suka harbe wani saurayi. 'Yan sanda sun musanta wannan bayani, amma kafin a tantance, zanga-zanga ta riga ta game manyan birane, har ran 11 ga watan aka ba da sanarwar rushe rundunar SARS. Abin koyo a nan shi ne, hoto shaida ne, ba alƙali ba. Yana nuna abin da ke gaban waya, ba ya nuna abin da ya faru kafin a ɗaga ta, kuma maganar da a ke liƙa masa wajen yaɗawa tana iya zama gaskiya, tana iya zama ƙari.

Kada kuma a manta, hoton nan garkuwa ne ga ɗan sanda mai gaskiya. In aka yi masa ƙazafin karɓar cin hanci ko dukan wani, babu mai wanke shi da sauri kamar bidiyon da wani ɗan kallo ya ɗauka.

Iyakar Wannan Iko

Sashe na 45 na Tsarin Mulki ya yarda a kafa dokokin da za su rage irin wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, da zaman lafiya, da kare hakkin wasu. Ga iyakoki biyar da ya kamata a sani:

1. Hana aiki. Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta sa tare ma'aikacin gwamnati daga aikinsa cikin laifuffuka, haka ma Dokar 'Yan Sanda ta 2020. Wanda ya kutsa tsakanin ɗan sanda da wanda a ke kamawa, ko ya zuga taro, laifinsa hana aiki ne, ba ɗaukar hoto ba. In an ce ya ja da baya, sai ya ja, ya ci gaba da ɗauka daga nesa.

2. Wuraren tsaro. Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro da aka keɓe da nufin cutar da ƙasa. Mai hankali ba ya ɗaga waya a barikin soja ko ma'ajiyar makamai.

3. Kotu. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin shari'a sai da iznin alƙali.

4. Gidajen mutane. Cikin gida ba bainar jama'a ba ne. Kasancewar 'yan sanda sun shiga bincike bai ba maƙwabci ikon bin su da waya har cikin turakar wani ba.

5. Yaɗa ƙarya. Wanda ya yanke bidiyo ya sauya ma'anarsa, ko ya liƙa masa labarin ƙarya da gangan, yana iya faɗawa cikin laifin ɓata suna, ko cikin Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024.

Ban da doka akwai mutunci. Bai kyautu a watsa fuskar ƙaramin yaro, ko matar da aka wulakanta, ko gawa ba, ko da an ɗauka don shaida.

Aikin Hakimi da Malaminsa

In ƙara irin wannan ta zo, malamin hakimi ya rubuta ranar da sa'ar da abin ya auku, da wurin, da sunan ɗan sandan ko lambarsa ko lambar motarsu in an gani, da sunayen shaidu, da irin wayar da aka karɓe. Ya rubuta abin da mai ƙara ya gani da idonsa dabam, abin da ya ji a bakin wasu dabam.

Ya gargaɗi mai wayar kada ya goge kome, kada ya yanke, kada ya ƙara. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga na'ura, amma sai an gamsar da ita cewa na'urar tana aiki daidai lokacin da aka ɗauka. Bidiyon da ke kan wayar asali ya fi ƙarfi bisa wanda ya bi ta hannu goma.

Sa'an nan hakimi ya nemi Difi'o cikin girmamawa, ya tambayi laifin da a ke tuhumar mutumin da shi. In babu kome sai ɗaukar hoto a kan titi, ya nemi a sake shi a mayar masa da wayarsa. In abin ya faskara, akwai Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa. Sashe na 46 na Tsarin Mulki kuma ya ba wanda aka tauye wa hakki ikon kai ƙara Babbar Kotu.

Rigakafi ya fi magani. A taron dagatai da masu unguwa, hakimi ya sa a faɗa wa samari cewa wanda zai ɗauki hoto ya tsaya nesa, ya riƙe wayarsa a fili, ya kame bakinsa daga zagi. In an nemi ƙwace wayar kada ya yi kokawa. Ya faɗa a gaban shaidu cewa bai yarda ba, sa'an nan ya kawo kuka. Waya ana iya karɓo ta gobe, rai kuwa ba a mayar da shi.

Lalle hakimi ya tsaya tsakiya. Idan ya goyi bayan ɗan sanda a kan abin da doka ba ta ba shi ba, talakawa za su daina zuwa zaurensa, su kai kukansu intanet, inda babu mai tantancewa. Idan kuwa ya goyi bayan mai hana aiki don kawai ɗan ƙasarsa ne, 'yan sanda za su daina jin maganarsa ran da ya zo da gaskiya.

Tambayoyi Domin Bita

1. Wane sashe na Tsarin Mulki ne tushen ikon ɗaukar hoton 'yan sanda, me kuma ya ƙunsa?
2. Waɗanne hujjoji uku kotu ta kafa a shari'ar Glik?
3. Mene ne bambanci tsakanin ɗaukar hoto da hana ɗan sanda aiki?
4. Don me ba a so a yanke bidiyon da za a kai kotu?
5. Waɗanne abubuwa malamin hakimi zai rubuta in an kawo ƙarar ƙwace waya?