Kada Ka Jira Ranar Lahadi

Ɗan'uwa mai bi, da yawanmu a nan Katsina ba mu buɗe Littafi Mai Tsarki sai ranar Lahadi, ko in ciwo ya kwantar da wani a gida. Wannan sakaci yana cutar da mu, domin jarrabawa ba ta sallama.

A ce mai Keke Napep ya goge maka mota a Ƙofar Ƙaura, ya kuma fito yana zagi, jama'a sun taru. Ko mai shago a babbar kasuwa ya ba ka canji fiye da naka, bai lura ba. A irin wannan lokaci babu damar neman aya. Abin da ka saba karantawa shi zai riƙe maka harshe, shi zai sa ka mayar da kuɗin.

Fara da Littafin Karin Magana. Surori 31 ne, ka ɗauki ɗaya kowace safiya kafin ka taɓa waya. Karanta da Hausa, da murya, yara su ji. Tun 1932 muke da cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ka riƙe aya guda ka yini da ita. Ranar da ka tsallake, kada kunya ta hana ka ci gaba washegari.

Don Allah ka fara gobe da safe.