Yadda matasa ke ƙaga wasan kwaikwayonsu da kansu

Hanyar da zan bayyana ita ce wadda ta yi suna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun bayan da malamin wasan kwaikwayo Michael Etherton ya zo daga Zambiya a 1975 aka fara koyar da fannin a jami'ar. Ɗalibai kan bar harabar jami'a su shiga garin Samaru neman labari. Kowace ƙungiyar matasa za ta iya bin sawunsu, ko da ba ta da sisi.

Da farko a je a gaida mai unguwa, a faɗa masa abin da ake nufi. Daga nan sai a bazu biyu-biyu: wasu bakin famfo, wasu teburin mai shayi, wasu tashar mota. 'Yan matan ƙungiya su shiga cikin gidaje, domin abin da matan aure za su faɗa a tsakar gida ba za a taɓa jin sa a majalisar maza ba. Kada a fito da takarda da biro, mutane kan kama bakinsu da zarar sun gan su. A zauna, a yi hira, a riƙe maganar yadda mai ita ya faɗe ta, da zafinta da barkwancinta.

In an dawo, kowa ya zazzage abin da ya jiyo, a zaɓi matsala guda. Za a yi gardama, a bari a yi ta.

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi ganin matasa na tuntuɓe. Rashin ruwa matsala ce, amma ba wanda zai tsaya kallon "rashin ruwa". Sai an ba ta fuska da suna. Ga yarinya da kullum take shan bulalar makara saboda layin famfo, ga uwarta da ba ta da kuɗin mai garuwa, ga mai garuwan shi ma da bakuna bakwai a gida. Sai a tsayar da mutum biyu a tsakiya a ce: ke ce uwar, kai ne mai garuwa, tana bin ka da magiya, kai kuma kana bin ta bashin jiya. Su fara, ba tare da an sa musu ko kalma ɗaya a baka ba. Sauran su zuba ido. A sake da wasu biyun, a juya, namiji ya ɗauki matsayin uwar ya ji yadda abin yake. Maganar da ta sa ɗaki ya yi tsit ko ya fashe da dariya, ita ake ajiyewa. Haka su Yazi Dogo, 'yan wasan kwaikwayon Nijar, suka riƙa gina wasanninsu a Damagaram, kuma duk wanda ya yi tashe yana yaro ya san wannan salon.

Sannan a jera fitowa-fitowa, a zubar da wadda ba ta ciyar da labari gaba, ko da ta fi kowacce ban dariya. A sa waƙa da kalangu inda za a canja wuri. Tufafi kuwa aro ne daga gida.

Ranar wasa a koma unguwar da aka samo labarin, bayan la'asar, a filin firamare ko ƙofar mai unguwa, jama'a su yi da'ira. Da an kai inda rikici ya yi tsamari, sai a tsaya cak a tambayi 'yan kallo: me ya kamata uwar nan ta yi? Wanda ya ba da shawara a gayyato shi fili ya gwada. A tabbata an tashi kafin kiran magariba, kuma a daren nan mutum ɗaya ya zauna ya rubuta wasan, har da abin da 'yan kallo suka ƙara.